Bututun Da Ke Jiran Khalilu

Naɗa kwayil aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana juya bututu a hankali, ɗaya yana bin siririyar waya da yatsa kada ta hau 'yar'uwarta. Haka muka yi shekaru ni da Khalilu a shagonmu na gyaran rediyo a bakin kasuwar Makoɗa, kafin wayar salula ta kashe mana sana'a. Shi ya koma Dawanau dillancin wake, ya ajiye tumbi, har da mota. Ni na koma gona, kuma tun rasuwar matata Barira gidan ya yi mini yawa.

A nan gonaki manne suke da juna, akuyar kowa kuma ta san hanyar zogalena. Sai na yi shawarar zagaye shi da waya mai ɗan jan lantarki, wadda za ta firgita dabba ba ta kashe ta ba. Batir ina da shi, sola ina da ita, saura kwayil mai ɗaga wuta. Na kira Khalilu.

"Malam Uwais, har yanzu ba ka daina ba?" ya ce yana dariya. "Shirya bututun. Juma'a in sha Allahu ina tafe, mu naɗa tare."

Gaskiya ba zogalen ne ya dame ni ba. So nake in ga Khalilu zaune a gabana yana juya bututu, muna musu kamar da.

Wuta mai ƙarfi ba ta da kunya, inda duk ta sami laima nan za ta bi. Don haka na ƙi baƙin bututu, wanda baƙinsa ma hanya ce gare ta, na yanko fari na roba daga ragowar aikin famfo, na goge rubutun jikinsa da yashi mai laushi. Da farko na shafe shi da ƙaro, irin wanda malamai ke zubawa a tawada, don na ga yana sheƙi. Kwana ɗaya ya yi kusa da randa, na taɓa na ji yana danƙo. Na zagi kaina, na wanke, na koma kan kakin zuma.

Kakin ma sai an yi haƙuri da shi. A tsohuwar tukunyar miya na narka shi, na tace ƙafafun ƙudan zuma da tsumma, na bar shi a wuta har ya daina ƙara, alamar ruwan cikinsa ya fita. Na yanka takardar buhun siminti, na shanya a kan kwanon rufi, na tsoma cikin kaki har kumfa ta ƙare. Ita za a riƙa sa wa tsakanin naɗi da naɗi. Duk gidan ya ɗauki ƙamshin zuma, ba wanda zan ce wa ya ji.

Juma'a ta zo, Khalilu ya ce motocin Kudu sun iso. Wata Juma'ar ya ce ɗaurin aure. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, iska ta yi nauyi. Kullum da hantsi sai in fito da bututu da takardu in shanya, da la'asar in naɗe su a cikin zanen Barira in sa a akwati. Maƙwabta har sun fara tambayata ko jaririn ya tashi lafiya. Na yi ta dariya tare da su, amma abin yana cina.

Ranar kasuwa ina tsugune ina juya takardun a rana, sai na ji bas ta tsaya a ƙofar gida. Na miƙe da sauri har gwiwata ta amsa. Sama'ilu direba ne ya yi sallama, rungume da kwali.

"Baba, saƙo daga Alhaji Khalilu. Ya ce kwayil ne ɗan kanti, sai dai ka haɗa da batir kawai. Ya ce ka huta da wahala."

"Shi fa?"

"Yana gaishe ka sosai."

Na leƙa bas ɗin duk da haka. Mata ne da buhuna.

Da ya tafi na buɗe kwalin. Akwati ne ɗan ƙarami, an rufe cikinsa ruf da baƙin danƙo, ba inda yatsa zai shiga. Na haɗa shi a jikin wayar ina fatan ya ƙi. Ya kama nan take, yana ƙyas, ƙyas. Wata jar akuya ta kai hanci, ta zabura ta bar wurin a guje.

Yana aiki sarai, ba abin da zan kira Khalilu in ce ya zo ya duba. Na zauna a gindin zogale har aka kira la'asar.