Lei Ɗin da Ba a Ƙulle Ba

Shekara bakwai Kawehi tana hula, rawar gargajiyarmu, a layin baya, inda ko mahaifiyarta sai ta yi ɗage take hango ta. Bana Kumu Hiwa, malamarmu, ta jawo ta gaba, tsakiyar layin farko, a babban bikin garin Hilo. Bana ɗin kuma ta samu cikin da ta daɗe tana roƙo.

Ni kaɗai ta gaya wa, muna zaune muna kitsa lei, sarƙar furanni da ganyen da za mu rataya a wuya.

"Anti Pua, wata uku. Don Allah ki rufa min asiri. In Kumu ta ji, zama za ta ce in yi."

"To lei ɗin fa, 'yar nan?"

Idonta ya kawo ruwa. Kowa ya san mai ciki ba ta rataya lei a ƙulle, don kada cibiya ta naɗe wuyan jariri. A buɗe ake bar mata, bakin biyu na reto. Namu kuwa ashirin ne iri ɗaya, kuma Kumu da hannunta take ƙulle kowanne. Mace ce da ke hango yatsa ɗaya da ya karkace cikin mata ashirin, balle lei.

Na tausaya mata ƙwarai. Ta rataya ƙullalle ba za ta iya ba, ta yi magana ta rasa layin gaba.

Ranar biki da la'asar ruwan Hilo yana ta zuba kamar yadda ya saba. Muka jeru a bayan dandali, ana jin kiɗan gora daga ciki, ƙanshin ganye ya cika wurin. Kumu ta shigo da kwandon lei, duk ta ƙulle su tun safe. Ta kalle mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zaro almakashi daga aljihu. Ƙyas! Ƙyas! Ta yanke ƙullin duka ashirin.

"Bana a buɗe za ku rataya. Haka na ga dama."

"Kumu, dukanmu ne muka harbu?" in ji Lehiwa, sarkin tsokana. "Har Anti Pua?"

"Ke, ki kiyaye ni!" na ce. "Jikokina huɗu. So kike mijina Baba Keola ya suma a kan benci?"

Aka tuntsire da dariya, har Kumu sai da ta rufe baki. Ta bi mu tana rataya wa kowa nata. Da ta zo kan Kawehi ta daɗe tana gyara bakin biyun su yi daidai. Ina kusa, don haka na ji abin da ta raɗa mata.

"Wata biyu kina gudun ɗanyen kifi, kina cin ɗanyen mangwaro da gishiri. Kin ɗauka makauniya ce ni? Da cikin wata shida na taka wannan dandalin."

Kawehi ta fashe da kuka, ni ma na kasa riƙe nawa. Aka kira sunan ƙungiyarmu, jama'a suka ɗau sowa. Kumu ta share mata hawaye da babban yatsa, ta tura ta gaba.

"Ku je ku yi min rawa, ku biyun, ke da na cikinki."