Yadda Aka Gyara Dukan Orval

Orval Hegstad mijin yayata Marlys ne, kuma shi ke tuƙa tankar madara a garinmu Sundvik. Shekara goma sha tara yana buga wa ƙungiyar gari besbol, wasan da ake jefo ƙwallo a doke ta da gora. A da, in ya ɗauki gora ya tsaya, masu tsaron bayan fili na duk wata ƙungiya a wannan yanki na Minnesota sai su yi ta ja da baya har su jingina da shinge. Amma a bazarar da ya cika arba'in da ɗaya, sau ashirin da shida yana shiga bai taɓa ƙwallo ba. Ba wai yana bugawa ana cafewa ba ne. Iska kawai yake jibga, da ƙarfinsa kuwa, har da nishi.

Ni ne mai jifa na ƙungiyar, don haka ranar Laraba da yamma, bayan an gama tatsa, ni nake jefa masa a wurin atisaye. Kocinmu Baba Elmer, tsoho ɗan shekara saba'in da ba ya ji da kunne ɗaya, ya tsuguna ya kalli yadda ya kai duka sau uku, sannan ya miƙe yana kaɗa kai.

"Ƙafarka ta gaba ce take gudu," in ji shi. "Maimakon ta taka wajen mai jifa, sai ta kauce baya kamar an aike ta. Dwayne, kawo bokiti."

Na kawo bokitin da muke ba wa fili ruwa da shi, cike fal. Baba Elmer ya ajiye shi daidai bayan diddigen Orval, ya ce in ƙafar ta sake gudu za ta gane kurenta. Na jefa. Ƙafar ta gudu, ta afka bokiti har ƙauri, ta maƙale. Orval ya yi juyi biyu da bokiti a ƙafa kafin ya zauna daɓas.

"Madalla," in ji Baba Elmer. "Yanzu mun tabbatar ƙafar ce."

"Suruki, in kawo sabulu ne ka wanke ɗayar ma?" na tambaye shi.

"Kai dai ka yi jifarka, ɗan banza. Da ba don yayarka ba da tuni na rataye ka a shinge."

Sati na gaba Fasto Lindahl ya zo kallo, ya ce shi a ganinsa ba ƙafa ba ce, ido ne. Ya sa aka rubuta lambobi a jikin ƙwallaye da alƙalami, ya ce Orval ya riƙa faɗin lambar da ya gani kafin ya kai duka. Orval kuwa idonsa ras. "Bakwai!" ya ce, ƙwallo ta wuce. "Huɗu!" ta wuce. "Tara, kuma wutsiyarta ta ɗan goge!" ta wuce. Fasto ya duba ƙwallon, ya ga lallai wutsiyar ta goge, ya ce to zai sa shi a addu'a.

Daga nan sai kowa a gari ya zama malami. Mai aski ya ce ya ɗaga gwiwar hannu. Mai gidan mai ya ce ya sauke ta. Wani manomi ya tare tankar a tsakiyar hanya don kawai ya nuna masa yadda ake murza kwankwaso, da cokali mai yatsu na kwasar ciyawa a hannunsa. Orval mutum ne mai kunya, duk wanda ya ba shi shawara sai ya ɗauka ya ɗora kan ta baya. Kafin ƙarshen Yuli, in ya tsaya duka sai ka ɗauka kaza ce aka ɗaure: tawul a hammata, haɓa manne da kafaɗa, gwiwa ɗaya a sama, yana ƙirga wani abu a ransa.

Dabara ta ƙarshe da Baba Elmer ya kawo ita ce ya tsaya kusa da bango ya yi ta kai duka ba tare da gora ta taɓa bangon ba, wai don hannuwansa su daina buɗewa. Orval ya je gida ya zaɓi bangon kicin. Ina wurin. Duka na farko lafiya. Na biyu ya tafi da gilashin taga, har da tukunyar furen da ke kanta. Yaya Marlys ta leƙo ta inda gilashin yake a da, da ludayi a hannu, ta kalle shi, ta kalle ni.

"Ku ci gaba," ta ce. "Akwai wata tagar a ɗakin wanka."

Ranar Lahadin da coci ke yin liyafar shekara muka karɓi 'yan Kranz Lake. An jera tebura a gefen fili tun da aka tashi daga sujada, kuma Orval, don baƙin ciki, ya ci faranti uku na wake da tsiran alade, ya bi da yanka biyu na kek. Duk garin na nan, har tsofaffin matan da ba su san ko ƙwallon zagayayya ce ba.

Aka kai zagaye na tara, na ƙarshe, suna gabanmu da ci ɗaya. Mutum biyu namu sun fita, in na uku ya fita wasa ya ƙare, ni ina tsaye a zango na biyu cikin huɗun da ake zagayawa a ci, sai ga Orval ya fito yana jan gora. Mai cafe wa Kranz Lake wani ƙato ne mai surutu, Butch Pavlik. Yana tsugune a bayan Orval ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Sannu da zuwa, mai fifita! Yi mana a hankali, ina da mura."

Ƙwallo ta farko ta zo, Orval ya kai mata, ya kuskure. Nan fa 'yan kallo suka ɓarke. "Ɗaga gwiwa!" "Sauke gwiwa!" "Ƙafa, ƙafa!" Fasto ma sai da ya miƙe ya ce, "Lamba nawa?"

Ta biyu ta zo. Orval ya tattara duk shawarwarin nan ya murza jikinsa da iyakar ƙarfi. Bai sami ƙwallo ba, amma daga zango na biyu na ji wata ƙara, ɓarrrt, kamar an keta buhu. Wandonsa ya tsage daga ƙugu ta baya har cinya.

Butch, wanda abin ya buɗe daidai hancinsa, ya faɗi rigingine yana shure-shure. Abin da ya bayyana gajeren wando ne ruwan ɗorawa mai zanen jajayen zakaru. Sai wata tsohuwa a benci na gaba, Inna Solveig, ta gyara tabarau ta ce da ƙarfi, "Ai wannan tsohon labulen kicin ɗin Marlys ne!"

Orval ya juya ga alƙalin wasa, fuskarsa ja kamar zakarun. "Vernon, don Allah ka ba ni minti biyar in je mota."

"Babu wannan a doka," in ji Vernon, yana cije leɓe. "Ko ka buga, ko in ce ka fita a tashi wasa."

Orval ya dubi Baba Elmer, wanda bai ji ƙarar ba, yana ta yi masa alamar kwankwaso. Sai ya cire tawul ɗin hammata ya yar. Ina ganin fuskarsa na san ba ya tunanin gwiwa ko ƙafa, so yake kawai a gama ya ɓace. Mai jifan Kranz Lake, yana dariya har da hawaye, ya sako ƙwallo a tsakiya.

Ban taɓa ganin kwankwaso ya juya haka ba. Gaba ɗaya jikin ya warware kamar an saki igiya, gora ta ce ƙwas, ƙwallo ta tashi ta bi ta saman kaina, ta haye shinge, ta faɗa can cikin gonar masara. Na ruga na taka gida, wato zangon ƙarshe, muka yi kunnen doki, saura cin Orval mu yi nasara. Da na waiwaya, Orval yana nan inda yake, ya toshe bayansa da hula.

"Ka zagaya mana!" na daka masa tsawa.

"Ba zan zagaya ba. Ai kowa ya ga ta fita."

"In ba ka taka zangon nan huɗu ba, babu ci," in ji Vernon.

Haka Orval ya kama hanya a karkace, yana tafiyar kaguwa, fuskarsa na kallon matan coci, bayansa na kallon masara. Masu tsaron bayan fili su uku su ne suka sha kallo. Na tsakiyar ya cire hula ya ɗora a ƙirji. A zango na biyu hular Orval ta faɗi, ya tsaya yana nazarin yadda zai sunkuya, ya haƙura ya bar ta. Ya fi minti uku kafin ya iso gida, inda Yaya Marlys ke jiransa da mayafin tebur. Ta ɗaura masa, muka ɗauke shi sama da mayafin da komai.

Baba Elmer ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Kun ga aikin atisaye ko? Haƙuri kawai ake so."

"Wane atisaye, Baba?" in ji Yaya Marlys, ta matsa wajen kunnensa mai ji. "Wandon nan tun yana da shekara ashirin da biyu yake sa shi. Tun farkon bazara nake ce masa ya yi masa kaɗan, sai ya kwanta a gado yake iya ɓalla maɓallin. Mutumin da ko takalminsa ba ya iya ɗaurawa a ciki, ta ina zai juya?"

"Ke da kika sani, me ya hana ki faɗa mana?" na ce.

"Wa ya tambaye ni? Ni me na sani a ƙwallo?"

Ranar Litinin ta tasa shi gaba zuwa kanti. Ya yi ta gardama wai ma'aunin mai kantin ne ba daidai ba, amma ya fito da wandon da ya fi tsohon da inci shida. A wasa takwas da suka rage ya buga goma sha ɗaya masu kyau, biyu sun haye shinge. Mutum huɗu a ƙungiyarmu suka je suka sayo manyan wanduna su ma, abin da suka samu kawai shi ne gudu da hannu ɗaya a ƙugu.

Sunan Zakara kuwa ya bi shi har yau, har a jikin tankar wani ya rubuta masa da yatsa. Ya roƙi Yaya Marlys kada ta ƙara ɗinka masa komai da labule. Ta ce ta ji, amma na falo sun kusa tsufa, kuma yadin mai kyau ne, ba za ta zubar ba.