Diddigen Tanasis

Kafin shebur ya daki murfin akwatin gawar, Stamatiya ta riga ta zuba ruwan inabi a kwano, farin ƙyalle rataye a kafaɗarta. Wa'adin da al'ada ta ɗiba wa mamaci a cikin ƙasa ya cika. Yau za a tono ɗanta Tanasis, ta wanke ƙasusuwansa da hannunta, a kai su ɗakin ƙasusuwa na bayan coci. Tsofaffin matan ƙauyen sun kewaye ramin cikin baƙaƙen kaya, kuma ba ƙauna kaɗai ta kawo su ba. Kowacce so take ta ga launin ƙashin, domin in ya fito tas kamar kakin zuma, an san ƙasa ta karɓi mutum, an kuma yafe masa.

Mai haƙan kabarin ya ɗaga murfin, ya yi turus, sannan ya cire hularsa.

Ƙasa ba ta ci Tanasis ba. Ya yi baƙi ya bushe, amma ƙirjin nan da kafaɗun nan suna nan a cike. Rigar da aka binne shi da ita ce ma ta ruɓe ta bar shi. Tsohuwa Marigo ta tofa yawu sau uku a ƙirjinta, ta ce ko dai an yi wa yaron baki, ko akwai abin da aka ɓoye wa fada, limamin cocin.

"Wane irin baki, Marigo?" in ji Lambros, uban yaron, idanunsa na ƙyalli. "Ku dube shi da kyau. Ƙasa ma ta kasa kayar da shi."

Stamatiya ba ta kalli mijinta ba, ƙafafun ɗanta take kallo. Takalmin hagu ya wargaje, kuma a nan kaɗai, a diddige, ƙasa ta yi aikinta. Ɗan ƙashi ne guda, tas da shi. Yayin da fada yake cewa a mayar da murfin sai wata shekarar, ta sunkuya kamar mai sumbatar gawar, ta zare shi ta jefa a aljihu.

"Mama, tashi mu tafi."

Muryar Tanasis ce. Ba daga ramin ta fito ba, daga bayanta ta fito. Kwanon ya suɓuce mata, ruwan inabin ya malala a ƙasa. Da ta waiwaya, 'yarta Fotini ce tsaye tana miƙo mata hannu.

* * *

A yankinmu na Farsala akwai wani jarumi na zamanin da wanda ba a ɗauke shi a matsayin tatsuniya ba. "Ɗan garinmu" ake ce masa, kamar jiya ya tashi daga shagon gahawa. Kowane yaro ya san uwarsa ta riƙe shi ta diddige ta tsoma shi a kogi don kada makami ya kama shi, sai wurin da ta riƙe ɗin ya zama ajalinsa. Kowa ya san an ba shi zaɓi tsakanin dogon rai ba suna, da gajeren rai mai suna, ya zaɓi sunan. Lambros manomin auduga ne wanda ya taɓa yin kokawa bai kai ko'ina ba, don haka da wannan labarin ya yaye 'ya'yansa.

Tanasis ya shiga ɗaga ƙarfe. Mai horar da shi, Manolis, ya fara aiko da wasu ƙananan kwalabe, aka jera su a firji tsakanin cuku da zaitun, aka ce bitamin ne. Yaron ya yi ta buɗewa har ƙofar gidan ta yi masa kaɗan. Wata safiya yana wanke fuska ya faɗi, bai ƙara tashi ba. Likita ya ce zuciyarsa ta kumbura ta kusa kai ta bijimi. Wannan magana Lambros ya ɗauka ya kai shagon gahawa a matsayin kirari, har yau kuwa akwai masu maimaita ta.

Ita Fotini gudu take yi, kuma a hannun Manolis ɗin. Tun damunar bara muryarta ta fara kauri, aka ce mura ce. Stamatiya ta tsinci reza a cikin kayan yarinyar, ta ce wa kanta ta Lambros ce. Sai yau a bakin kabari tsoro ya kama ta, irin wanda ba ya sakin mutum.

Suna isa gida ta buɗe firji. Kwalaben suna nan a bayan tulun zaitun, inda na Tanasis suka saba zama. Ta kwashe su ta dire a gaban mijinta.

Bai musa ba. Ya ce ranar Lahadi za a zaɓi waɗanda za su wakilci ƙasa, kuma gobe Manolis zai tafi da yarinyar sansanin horo. "'Yan wasan birnin Atina me kike tsammani suke sha, Stamatiya? Ruwan lemo? Kowa yana yi."

"Kullum labarin jarumin nan kuke bayarwa," ta ce. "Uwar fa? Bayan an ƙona gawarsa, ina ta nufa? Wa ya raka ta gida?"

"Ba a faɗa ba."

"Na san ba a faɗa ba."

Ta farfasa kwalaben ɗaya bayan ɗaya a wurin wanke-wanke, ta sakar musu ruwa. Lambros bai hana ta ba. Ya dai ce, cikin muryar mai lallashin mara lafiya, Manolis yana da kwali guda a bayan motarsa.

* * *

Da safe Fotini na zaune a dokin ƙofa tana ɗaure takalmin gudu, jakarta a gefe. Rana ta haska haɓarta, inda rezar ta bi. Stamatiya ta durƙusa a gabanta, ta ciro ƙashin ta ɗora a tafin hannu.

"Ga abin da ƙasa ta yarda ta karɓa a jikin yayanki. Saura duk ta ƙi."

Yarinyar ta daɗe tana kallonsa. Har Stamatiya ta fara sa rai. Sai ga ƙarar mota daga kan kwana.

"To in zauna in yi me, Mama? In tsufa a gonar auduga kamar Marigo, ina leƙen kaburburan mutane? Shi ko ba komai an rubuta sunansa a bangon filin wasa."

"An cire allon bara, 'yata. Wani ya ɗaga abin da ya fi nasa."

Motar ta tsaya, aka danna oda. Lambros ya fito da sauri ya ɗauki jakar, yana wa Manolis kirari tun daga nesa. Fotini ta yunƙura za ta tashi, Stamatiya ta cafke diddigenta na hagu da hannu biyu, ta riƙe iya ƙarfinta. Ƙafar ta yi tauri kamar icce, ba irin wadda ta saba wankewa ba.

"Mama, sake ni. Zan makara."

Kalmomin da Tanasis yakan faɗa ke nan a wannan dokin ƙofar, da wannan muryar. Sanyi ya ratsa hannuwan Stamatiya, yatsunta suka buɗe da kansu.

Bayan ƙurar motar ta lafa, ta shiga ciki ta zuba sauran ruwan inabin jiya a kofi. Ta wanke ɗan ƙashin a hankali, ta ɗauko farin ƙyallen da ta ɗinka don ya ɗauke mutum guda, ta yanki gefensa kaɗan ta naɗe ƙashin. Sauran ƙyallen ta ninke shi da kyau, ta mayar cikin akwatin kayanta.