Ɗakin Sulhu

Malamar tarbiyya ce ta ƙirƙiro ɗakin sulhu, kuma wallahi ta ishi kowa da zancensa. Tun da aka hana bulala a makarantar, duk yaran da suka samu saɓani sai a tura su ciki su biyu a kulle, su sasanta da bakinsu ba babba a kansu. Ɗakin tsohon sito ne a bayan ajujuwa. Ta sa aka manna katifu a bangonsa, wai don kada a ji sirrin yara. In sun fito su yi musabaha, shi ke nan, kuma ƙorafi ya ɗauke ɗif.

Ranar da mai duba makarantu ya zo auna tsarin, ita ta shige gaba tana zuba kamar rediyo. Shi kuwa dattijo ne marar yawan magana.

"Akwai yara a ciki yanzu?" ya tambaya.

"Akwai, ranka ya daɗe," in ji hedimasta. "Ɗan Malama ne ya kawo ƙarar Guduma, na kulle su tun da safe."

Guduma ƙato ne mai maimaita aji, har gemu ya fara tsiro masa. Ɗanta kuwa auta ne ɗan firit, jakarsa ma da ƙyar yake ɗauka. Amma ta yi yaƙe ta ce ai tsarin bai ware ɗan kowa ba.

A bakin ƙofar suka ji wani sauti can ƙasa-ƙasa, dum, dum. Dattijon ya kara kunne, ya ce a buɗe. Hedimasta ya hau laluben aljihu, ashe makullin na ofis. Malama ba ta jira ba. Ta fizgi ƙarfen wani karyayyen benci ta dinga maka wa kwaɗon har ya ɓalle.

Guduma na durƙushe a ƙirjin yaron, ya toshe masa baki da hannu ɗaya, yana buga masa kai da siminti. Ba wanda ya taɓa tunanin shimfiɗa katifa a ƙasa. Jini ya jiƙe farar rigar makaranta, ga haƙori can gefe.

Idonta ya rufe. Ita da ta shekara tana yi wa malamai wa'azin kada a taɓa yaro, ita ce ta sauke wa Guduma ƙarfen nan a gadon baya. Ta ƙara masa a kafaɗa. Ya ɗaga hannu zai kare, ƙashin ya ce ƙas.

"Malama, ai haka kowa yake yi a nan," yake faɗa cikin kuka. "Ni ma haka aka yi mini."

Ba ta ji ba, sai da hedimasta da dattijon suka taru suka banƙare ta, ƙarfen ya faɗi. Dattijon na haki ya ce a kira mota, yara biyu ne za a kai asibiti.

Ta rarrafa wajen ɗanta, tausayi kamar ya kashe ta.

"Zo, autana. Ni ce."

Yaron ya ja da baya har ya maƙure a lungu, ya rufe kansa da hannuwa biyu.

"Don Allah, Mama, ki yi haƙuri," ya ce, jini na bin haɓarsa. "Ba zan sake kai ƙara ba."