Tsohon Direba a Kujerar Fasinja

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa jirgin ƙasa mai dogon zango, kuma a duk shekarun nan matarsa ba ta taɓa karɓar uzurinsa ba. Zai ce mata yana nan tafe da rana, sai a gan shi washegari da hantsi yana jan ƙafa, jaka a kafaɗa, baki cike da bayani. An tsayar da su ne jirgin kaya ya wuce. Danja ce ta ƙi sauyawa. Zafin rana ne ya lanƙwasa ƙarfen dogo, dole suka koma tafiyar hawainiya. Ita kuwa sai ta ajiye masa abinci, ta ce, "Ƙarfe ne ya lanƙwashe? Sannu da ƙoƙari. Ka gaishe min da abokan kartarka."

Mutumin da ko riƙe karta bai iya ba! Maganar ta tsaya masa a maƙogwaro kamar ƙayar kifi, har ya yi ritaya ba ta wuce ba.

Saboda haka da 'yarsu ta haihu a wani gari mai nisa, surukinsu ya ce zai turo mota ta ɗauke su, sai Direba ya ce atafau jirgi za su hau. Ya ce mota tana sa masa ciwon baya. Ƙarya yake, bayansa lafiya lau. So yake matar nan ta zauna a jirgin da ya tuƙa da hannunsa, wanda ya yi suna wajen makara, ta ga tsayuwar daji da idonta, ta buɗe baki ta ce, "Ashe gaskiya kake faɗa." Abin da yake nema ke nan a duniya, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Jirgi ya tashi ƙarfe takwas daidai, ko daƙiƙa bai ƙara ba. Direba ya dubi agogonsa, ya girgiza shi, ya kara a kunne. Tasha ta farko suka shiga a kan lokaci. Ta biyu ma, don wulaƙanci, da saura minti biyu.

"Ashe yana gudu," in ji matar, tana kallon bishiyoyi suna wucewa.

"Sa'a ce kawai aka yi yau."

"Ko dai direban yau bai iya karta ba."

Mutum saba'in ne a taragon, kowa yana addu'ar a isa da wuri, ban da tsoho ɗaya da ke roƙon Allah a ɓoye ya kawo ko da 'yar matsala ce ƙarama. Da suka doshi wani layin kaucewa, inda jirgi ke tsayawa gefe wani ya wuce, wurin da yake rantsuwa ya bar rabin ƙuruciyarsa, ya miƙe yana buga gilashin taga. "Nan ne! Uwar yara, dubi nan! Awa tara na taɓa yi a wurin nan!" Kafin ta lalubo tabarau a jaka, wurin ya zama tarihi.

Sai wajen ƙarfe biyu Allah ya dube shi. Jirgi ya rage gudu, ya yi wata doguwar ajiyar zuciya, ya tsaya cak a tsakiyar fili, ba gida ba tasha. Tarago ya ɗauki tsaki. Direba kuwa fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir. Ya miƙe, ya gyara murya.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku, aikina ne wannan. Hanya guda ce a nan. Jirgin kaya ne ke zuwa, shi kuma ya yi tsawon da layin kaucewa ba zai ɗauke shi ba, don haka mu ne masu ba da hanya. Minti ashirin, za ku ji ƙasa tana rawa."

Aka yi ta jinjina masa. Wani mai ƙaton tumbi da ke kujerar gaba har ruwa ya miƙo masa. Direba ya saci kallon matarsa, ya tarar ta cire takalma tana ciro saƙa daga jaka.

Minti ashirin suka wuce, ƙasa ba ta yi rawa ba. Da aka kai arba'in ya sake miƙewa, ya ce da alama danja ce ta maƙale a ja. Da aka cika awa guda ya ce, to, idan aka duba irin ranar da ake yi, ba mamaki ƙarfe ne ya lanƙwashe. Bayan nan ya kawo batun cewa watakila awannin aikin direba ne suka cika, mai karɓarsa kuma bai iso ba.

"Baba," in ji mai tumbi, "don Allah ka zaɓi ɗaya mu riƙe."

Ana cikin haka mai duba tikiti ya ratso da sauri, yana raba wa kowa amsa ɗaya: "Minti biyar, in sha Allahu." Direba ya san wannan minti biyar ɗin farin sani, domin shi da kansa ya sha aiko da ita daga gaba. Ya kamo hannun mutumin, ya ja shi gefe, ya yi ƙasa da murya.

"Ni ɗan gida ne, shekara talatin da ɗaya. Faɗa min gaskiya, me ya faru?"

"Wallahi Baba, ni ma ban sani ba. Direban namu bai gaya mana komai ba."

Ya bi tarago bayan tarago har ya kai ƙofar ƙarshe, ya tarar da ita a kulle, an rubuta ma'aikata kawai. Ya ƙwanƙwasa, ba wanda ya kula shi. A nan ne abin ya fara canja masa. Duk tsayuwar da ya taɓa yi a rayuwarsa, a gaba ya yi ta, rediyo a gefensa, kuma komai ɗacin dalili ya san shi. Yau ba abin da ya sani. Matsalar wanda ya san jirgi kuwa ita ce ya san duk hanyoyin da jirgi ke kashe mutane. Ko birki ne? Ko gadar da ke gaba ce ta zauna? An ma sanar da jirgin da ke biyo su a baya cewa suna tsaye a nan? Ya dawo gumi ya jiƙa masa riga, ya zauna, ya tashi, ya leƙa taga ta baya, ya tambayi mai tumbi ko ya ji wata ƙara. Mai tumbi ya karɓe ruwansa.

Matar kuwa ta mayar da taragon kamar ɗakinta. Ta raba biskit, ta sa an buɗe tagogin ɓangaren inuwa an rufe na rana, ta ce wa wata mai jego ta daina duba agogo don dubawa ke ƙara masa tsawo. Hular jariri ta kai rabi a hannunta.

Sai da aka cika awa uku ya tuna cewa wannan fa ita ce nasarar da ya biyo. Ya matso kusa da ita, murya ba ƙarfi.

"Kin dai gani ko? Awa uku. Ba karta."

"Na san ba karta," ta ce, ba ta ɗago ba. "Kai da ba ka iya bambance ja da baƙi a karta."

"Kin sani? Duk shekarun nan kin sani?"

Ta ƙarasa layin da take saƙawa tukuna. "Me kake ta tunani tun ɗazu, har ka jiƙe haka?"

Ya faɗa mata: birki, gada, jirgin baya.

"To, kai awa uku ke nan, kuma kana ciki, kana ganin hannunka da ƙafarka. Ni ina gida, lokacin ba waya, ba ma mai zuwa ya yi min ƙaryar minti biyar, ga yara suna tambaya ina Baba. In na ce jirgi ne, Maigida, zuciyata can take tafiya inda taka ta je yanzu, sai in kasa ɗaga ko cokali. In na ce karta ce, haushi nake ji. Mai jin haushi kuwa yana iya dafa abinci."

Kunya ta kama shi, tare da wani tausayi da ya makara fiye da kowane jirgi da ya taɓa tuƙawa. Shekara talatin da ɗaya yana shigowa da bayanin abin da ya tsayar da shi, bai taɓa tambayar yadda aka yi jiransa ba.

"Miƙo hannuwanka," ta ce. Ya miƙa, ta rataya masa zaren ulu, ta fara naɗewa.

Mai tumbi ya waiwayo. "Baba, yanzu kuma mene ne dalilin?"

"Ban sani ba, ɗana," in ji Direba. Ya gyara zama, ya ɗaga hannuwan yadda zaren zai zo mata da sauƙi.