Furera Ba Ta Miƙawa Da Hagu

A bangon ofishin shugabar makarantar 'yan mata da ke bayan layin dogo a Agege akwai wani allon katako. Kowane wasa an rubuta sunan wadda ta fi kowa tun kafuwar makarantar, tsalle da nasa, jifa da nasa, gudu da nasa. Layin gudun miƙa sanda kuwa sunaye huɗu ne, fentinsu har ya fara ɓarewa, don tun ba a haifi Furera ba aka rubuta su, kuma ba a sake samun masu kamo su ba.

Furera 'yar Yusha'u mai albasa a kasuwar Mile 12 ce. Doguwa, ba ta da surutu, amma in ta ce a'a, to gara ka nemi wuri ka zauna. A bana ita da abokan gudunta uku suka ci alwashin sai an goge sunayen nan an sa nasu. Ƙafa kam suna da ita. Hannu ne ya kawo rigima.

Ga yadda abin yake. Ta farko tana riƙe sanda da dama, ta sa a hagun ta biyu. Ta biyu ta ruga da ita a hagu, ta miƙa da hagun nan a hannun daman ta uku. Koci Bonat, mutumin Kafanchan da ke koya musu wasa, ya sa Furera ta biyu, don nan ne fili yake miƙe, doguwar ƙafa take aiki. Karɓa da hagu ta daure ta koya, tunda Glory, ta farko mai ba ta sandar, sa'arta ce. Amma ta uku Lai'atu ce, shugabar 'yan wasa, 'yar ajin ƙarshe, wadda Furera take kira Yaya. Ita kuwa Furera a hannun kakarta Hajo mai masa ta tashi, tsohuwar da ko ashana ka miƙa mata da hagu sai ta zuba maka ido har hannun ya sauka da kansa.

A gasar farko a Ogba, Furera ta wuce kowa, sai da ta zo dab da Lai'atu ta mai da sandar dama. Kafin ta gama juyi, makarantu biyu sun shige. A gasa ta biyu sandar ma faɗuwa ta yi.

Koci ya tara su a gindin turken raga, jijiyar wuya a tashe.

"Furera, sanda ce fa, ba kwanon tuwo ba! Wa ya ce ki canza hannu?"

"Ba kowa, Sa."

"To daga yau hagu."

"Ban iya ba, Sa. Kuma ba zan koya ba."

Lai'atu ta dafa ta. "Ke, ni fa na yafe. Ki ba ni da hagun, wallahi ba zan ji komai ba."

"Ba ke kika hana ba, Yaya."

Koci ya ce akwai yara a benci masu hagu lafiyayye. Gasar ƙarshe ce ta rage, a filin wasa na Agege, kuma ba zai zubar da wahalar shekara don tarbiyyar wata tsohuwa ba.

Furera ta ɗago kai. "Ta farko ai da dama take miƙawa. Ka mai da ni farko."

Sai da ya riƙe ciki don dariya. "Ke? Ke da in bindiga ta tashi sai kin gama salati kafin ki ɗaga ƙafa?"

Gaskiya ya faɗa. Ƙarar bindigar tashi tana daskarar da ita. Amma Glory ta ce, "Abeg, Sa, don Allah a gwada ta. Ni in koma ta biyu. Ko da ƙafa ta miƙo min zan karɓa."

Koci ya ce to. Ranar gwaji in ta makara a tashi ko sau ɗaya, benci.

Da ta koma gida ta faɗa wa Hajo. Tsohuwa tana juya masa a tanda, ba ta ko waiwayo ba.

"Wato an ce ki miƙa wa babba da hagu kin ƙi?"

"Na ƙi, Hajo."

"Ɗauko min murfin tukunyar can da ludayin ƙarfe."

Daga ranar, kullum bayan sallar asuba Furera tana durƙushe a bakin lungu, Hajo tana bayanta a kan kujera 'yar tsugunne. Ba gargaɗi, sai ta doka ludayi a murfi, ƙwal! Da farko yarinya sai ta dafe ƙirji.

"Tashi, raguwa! Ni da ciwon gwiwa na fi ki zabura. Dawo!"

Wata rana Hajo ta buga da wuri, wata rana ta ja har cinyar Furera ta kama rawa. In ta tashi kafin ƙara, a ce ta yi satar gudu, ta dawo. Bayarabiyar da ke sayar da burodi a maƙwabta ta fito tana faɗa, wai an hana mijinta barci. Hajo ta ce mijin da ke barci har rana ta fito ai taimakonsa ake yi. Masu okada da ke kwanar lungun suka mai da abin kallo, suna ihu, "Oya, Furera, tashi! Kaka ta harba!"

Ranar gwaji ba ta makara ba. Koci bai yaba ba, cewa kawai ya yi, "Za mu gani."

Ranar gasa fili ya cika. Yusha'u ya bar wa maƙwabcinsa rumfar albasa, ya zo ya tsaya jikin waya. Furera ta durƙusa da dogon wando da ɗan ƙaramin hijabinta, sanda a dama. Mai bindiga ya ɗaga hannu, ya ja, ya ja, har wata yarinya a gefenta ta fara lilo.

Bindiga ta tashi, Furera ta tashi tare da ita.

Gudun ta farko a kwana yake, kwana kuwa ba ta doguwar mace ba ce. Fili yana ta tura ta waje, tana ta danno kafaɗa ciki. Biyu suna gabanta da ta hango Glory ta zabura, hagu a miƙe ta baya. Furera ta ɗora mata sandar da dama, ɗas, ba juyi ba lalube. Glory ta kai wa Lai'atu, Lai'atu ta kai wa Jinƙai mai gudun ƙarshe, Jinƙai ta tsallake layin ƙarshe ita ce ta uku.

Ba su ci kofi ba. Amma koci ya dubi agogon hannunsa, ya tafi wurin alƙalai ya dubi nasu, ya dawo yana share gumi. Sun karya tarihin makaranta.

'Yan mata suka rungume juna suna ihu. Furera tana sunkuye, hannu a gwiwa, tana haki. Koci ya tsaya a kanta.

"Kin san da kin yi ta biyu da hagu, da kofin nan namu ne?"

"Wataƙila, Sa."

"Baɗi Lai'atu ta gama. Za ki koma wurinki."

Ta miƙe ta gyara hijabi. "Baɗi ma farko zan yi, Sa. Yaushe mai fenti zai zo?"