Kiɗan Da Baba Yake Nema

Faifai uku Bożena ta kai wa mahaifinta, duka na kiɗan tsohon fim ɗin 'yan sama jannatin nan da yake so. Tun da mantuwa ta kama shi, har sunanta ya ɓace masa, wannan kiɗa kaɗai yake tambaya. Faifan farko wasu makaɗa ne suka sake bugawa, na biyu na mai kiɗan ne da kansa, na uku har da guntayen da aka yanke daga fim ɗin. Kowanne ta sa, sai Baba ya girgiza kai.

"Ba shi ba ne. Babu mutumin."

Ta koma shagon Pan Tadek mai faifai.

"Yarinya, kin ƙarar mini da fayafayan fim ɗin taurarin nan," in ji shi. "Wane mutumi kuma? A silima ya kalla ko a gida?"

"A gida, a kaset ɗin bidiyo."

Pan Tadek ya bushe da dariya. "Ai mai karanta fassara yake nema! Wannan da ke yin jarumi da budurwa da murya ɗaya, kamar mai sanarwa a tashar jirgin ƙasa."

Ya ara mata tsohon kaset na fim ɗin, har da na'urarsa.

Da ta sa shi a gida, kiɗan ya tashi yana rawa don tsufan kaset, muryar mai fassarar ta hau kansa. Baba ya gyara zama, ya dafa kujerar gefensa.

"Bożena, zo ki zauna mana. Yanzu kumbon zai tashi."